Scrivener: manhajar da nake rubuta littafi da wasan rediyo a cikinta

Ana yawan tambayata wai ya nake haɗa fim da rubutun littafi ga kuma wasan kwaikwayon rediyo. To gaskiya rabin rubutuna a zaman jira nake yinsa. Duk wadda ta taɓa zuwa lokeshan ta san zancen, a gama miki kwalliya tun safe ki zauna awa biyu ko uku ana ta gyaran fitilu kafin darakta ya kira ki gaban kyamara, wannan lokacin ne nake ciro wayata in rubuta fitowa ɗaya ko biyu, kuma manhajar da ta riƙe min wannan aiki shekaru yanzu ita ce Scrivener.

Wani malamin makaranta ne a Ingila, Keith Blount, ya ƙirƙire ta saboda shi kansa yana fama da rubuta littafi. Ta fito a 2007 a kwamfutar Mac, ta Windows ta biyo baya a 2011, ta iPhone da iPad kuma a 2016. Da ganin tsarinta kin san marubuci ne ya yi ta.

Abin da ya ja ni gare ta shi ne tana tunani irin na 'yan wasa. Mu ai ba a jere ake ɗaukar fim ba, yau ki yi kukan rabuwa, jibi a ɗauki ranar da kuka fara haɗuwa, kuma haka kaina ya saba da labari, gutsure-gutsure yake zuwa min. A Scrivener kowace fitowa takardarta daban, duk suna jere a gefen hagu, akwai kuma wani allo da ke nuna su kamar 'yan katuna, ki ja wannan ki kai gaba ki dawo da wancan baya ba tare da kin yanka komai ba. Wallahi ranar da na fara ganin allon nan ji na yi kamar an shiga kaina.

Wajen rediyo kuwa nan ta fi min amfani. A littafi sai in cika shafi guda ina bayanin yadda fuskar mace ta sauya, a fim ido kawai zan ɗaga an gane, amma a rediyo ba fuska ba ido, sai murya da ƙarar ƙofa da takun tafiya da shiru. Shi ya sa idan zan mayar da babi wasan rediyo nake raba allon biyu, babin a gefe ɗaya wasan a ɗaya gefen, ina karantawa da ƙarfi ina zubar da duk abin da kunne ba zai kama ba. Akwai shiryayyen tsarin rubutun rediyo irin na BBC a ciki, sunan mai magana da maganarsa da umarnin sauti kowa na zama a mazauninsa da kansa. Sannan a siga ta 3 ta manhajar akwai wurin da za ki taɓa ta dusashe komai ta bar miki zancen 'yan labarin kaɗai, a nan nake kama jimlar da ta yi kyau a takarda amma na san bakin ɗan wasa ba zai iya furta ta ba. Kafin babban gyara kuma nakan sa ta adana kwafin yadda fitowar take, in gyaran bai yi ba in dawo da na da.

Amma fa sai an yi haƙurin koyo, maɓallanta da yawa, musamman wajen harhaɗa rubutun a fitar da shi Word ko PDF, wannan sai kin ware masa yini guda. Babu ta a Android, kuma na san wannan zai hana da yawa cikin 'yan uwana marubuta amfani da ita, abin yana damuna. Saye ake yi sau ɗaya ba biyan wata-wata ba, sai dai lasisin kwamfuta daban na waya daban, haɗa su kuma ta Dropbox ake yi, wato wata ma'ajiyar fayiloli a intanet.

In gajeren labari kike rubutawa ba ki buƙatarta. Mai dogon littafi ko wasa mai kashi-kashi kuwa ta sauke ta gwaji a kwamfuta, kwana 30 ake bayarwa kuma ranakun da kika buɗe ta kaɗai ake ƙirgawa, ko da aikin fim ya ɗauke ki wata guda za ki dawo ki tarar da sauran kwanakinki.