Tsohuwar jaridar bore: wacce ta cancanci kuɗinka?

Sabon shiga harkar tara tsofaffin jaridun da suka ba da labarin bore yakan zaci jaridar da ta fi tsufa ita ce ta fi saurin lalacewa. Ba haka abin yake ba. Kafin wajajen 1870 da tsumman auduga da lilin ake yin takarda, shi ya sa za ka iske jaridar da ta ba da labarin juyin juya halin Faransa na 1789 da ƙwarinta, tana lanƙwasuwa kamar ƙyalle. Ta boren Ista na 1916 kuwa, wanda 'yan Ireland suka yi wa mulkin Birtaniya a Dublin, da dagargajen itace aka yi takardarta. Ta yi ja, gefenta na marmashewa a yatsa. In wannan ne sayenka na farko, fara da ta tsumma.

Sai batun kwanan wata, inda aka fi cutar mutane. Sojojin Indiya sun yi wa Turawan Ingila bore a Meerut ran 10 ga Mayu 1857, amma sai ƙarshen Yuni labarin ya isa Landan. Wanda ya tallata maka jaridar Landan ta tsakiyar Mayu da sunan tana ɗauke da boren, ka ce ya nuna maka shafin.

Tsakanin cikakkiyar jarida da shafi guda da aka yanko, ni dai cikakkiya nake so. Dillalai sukan farke Illustrated London News, jaridar mako-mako ta Landan mai zane-zane, su sayar da zanenta ɗaiɗai, don ya fi kyau a bango kuma ya fi araha. Amma abin yana min ciwo. Tallace-tallace da farashin kaya da ke kewaye da labarin su ke nuna maka yadda duniya take a ranar. Wadda aka ciro daga kundin laburare ba ta da laifi, za ka ga ramukan ɗinki a gindinta, kuma sau da yawa ta fi tsabta.

Sabon bugu na tunawa, wato kwafin tsohuwar jarida da aka sake bugawa daga baya, ba haram ba ne, muddin an faɗa maka. Ɗauki gilashin ƙara girma: zanen 1857 layuka ne na sassaƙen katako, in ka ga ɗige-ɗige to kwafi ne. Shafa bayan takardar kuma, bugun asali yakan bar ɗan tudun haruffa.

Wadda aka yi wa laminatin ko aka manna wa salatif, bar musu kayarsu komai arharta.