Na'urar awon suga da karkarwar dare: abin da na gani da na yi amfani da ita

Duk mai ciwon suga da ke fama da karkarwar cikin jiki da daddare, musamman irinmu mutanen ƙauye da asibiti ya yi wa nisa, ina ba shi shawara ya mallaki 'yar na'urar nan ta awon suga a gida. Ba magani ba ce, ni ma ba ta warkar da ni ba. Amfaninta a wurina shi ne, a tsakar dare tana bambance mini karkarwar da ke da haɗari da wadda zan iya jurewa har gari ya waye.

Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim, ina koyarwa a firamare, ina kuma taɓa noman gero da riɗi. Tun da aka gano ina da suga ake ba ni metformin da glibenclamide. Ana nan sai wani abu ya ɓullo: da na kwanta gari ya yi tsit, sai in ji ƙirjina da cinyoyina suna zir-zir daga ciki, kamar injin niƙa na aiki a bayan katanga. In na miƙa hannu ba ya rawa. Mai ɗakina ta dafa ni ta ce ita ba ta jin komai. Ga zafi da suka a tafin ƙafa, yatsu kuma su sage. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, wasu suka ce iska ce, aka yi tofi, aka kawo sassaƙe. Addu'a kam ban fasa ba. Amma abin da ya fi hana ni barci shi ne fargaba, kada wani abu ya same ni cikin dare babu mota, babu mai taimako.

Likitan da ya duba ni ne ya warware mini zancen. Ya ce, "Malam, abu biyu ne za su iya haɗe maka. Suga in ya daɗe yana hawa yakan taɓa jijiyoyi, daga ƙafa yake farawa, kuma da dare aka fi jin sa. Wannan yana da wahala amma ba na gaggawa ba ne. Na biyun shi ne suga ya faɗi ƙasa, wanda glibenclamide kan jawo in mutum bai ci abincin dare sosai ba. Shi ne abin tsoron." Ya ƙara da cewa metformin in an daɗe ana sha yakan rage bitamin B12 a jiki, rashinsa kuma na kawo sagewar ƙafa, sannan matsalar maƙoƙo, yawan cin goro da shayi da yamma, har da damuwa, duk sukan sa jiki karkarwa. Shi ya ce in sayi na'urar. Babban ɗana ya sayo mini ita a wani kemis a Sabon Gari a Kano.

Aiki da ita ba wuya. Ka wanke hannu ka goge, ka sa tsinken gwaji, wato ɗan siririn fallen da ake ɗiga wa jinin, a cikin na'urar, ka huda gefen yatsa, ɗigon jini ɗaya, cikin 'yan daƙiƙoƙi lamba ta fito. Wanke hannun nan kada a raina shi, don in ka taɓa dabino ko mangwaro, zaƙin da ya maƙale a yatsa zai sa ta nuna suga ya hau alhali bai hau ba. Batirinta ɗan faifan nan ne na CR2032, ba ruwanka da caji, kuma a garin da ba wutar lantarki wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Inda ta biya ni kuɗina shi ne nan. Yanzu in karkarwar ta tashe ni, nakan auna. Wasu dararen na tarar da lambar ƙasa da 70, wato suga ya faɗi, kuma sai na lura irin waɗannan dararen da gumi suke zuwa, da yunwa, da bugun zuciya. Likita ya riga ya koya mini: in jiƙa cokali babba ɗaya na suga a ruwa in sha, in jira minti 15, in sake aunawa, sannan in ci abinci. Na yi hakan, jiki ya lafa. Da na kai masa littafin da nake rubuta lambobin, ya gyara mini magani, faɗuwar ta ragu ƙwarai. Amma mafi yawan dararen lambar lafiya lau take, zir-zir ɗin kuma na nan. A nan ne na samu abin da ban zata ba, wato kwanciyar hankali. Da na ga suga daidai yake, sai in san jijiya ce, in tashi in ɗan zaga tsakar gida, in yi alwala, in koma in kwanta. Karkarwar da ba tsoro a tare da ita, wallahi rabin nauyinta ya tafi. Mai ɗakina ma ta iya aunawa, in na kasa ita ke yi mini.

Illolinta kuwa akwai su. Babbar ita ce tsinken gwaji: kowane sau ɗaya ake amfani da shi, yana da tsada, kuma na wani kamfani ba ya shiga na'urar wani. Saboda haka kafin ka saya, tambayi kemis ɗin garin da ya fi kusa da kai wane iri suke kawowa, kada ka sayi wadda sai ka je Kano ko Dutse za ka samu tsinkenta. Zafi ma na lalata shi. Yawanci a jikin kwalin an rubuta kada ya wuce digiri 30, mu kuwa a bazara ana haura 40. Ni a ɗakin ƙasa nake ajiye nawa, nesa da rana da danshi, in rufe gwangwanin da zarar na ɗauki ɗaya. A duba ranar ƙarewar wa'adi tun a gaban mai kemis. Sannan fuskar na'urar tawa ba ta da haske, dole sai da tocila da dare, rubutunta kuma duk Turanci ne, dattijon da bai yi boko ba sai an zauna an koya masa.

Akwai kuma ruɗanin lamba. Wasu na'urorin da mg/dL suke lissafi, wasu da mmol/L, asibitoci da yawa kuma na biyun suke rubutawa. Lambar mg/dL sai ka raba ta da 18 ta koma mmol/L: 70 ya zama 3.9, 126 ya zama 7.0. Mutum na iya ganin 5.5 ya firgita, alhali lafiyarsa ƙalau.

Game da zafin ƙafa, an ɗora ni a kan amitriptyline ƙarami da dare. Yana taimakawa, sai dai yana busar da baki, ga nauyin jiki da asuba. An kuma gargaɗe ni kada in riƙa sayen bitamin B barkatai a kemis, don B6 in ya yi yawa shi kansa yana taɓa jijiya. Goro na daina ci bayan la'asar. Likita ya rubuta mini takardar ganin likitan jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a auna B12 da maƙoƙo. Bayan girbin riɗi zan je in Allah Ya yarda, da littafin lambobina a hannu.