Shagon tsohon ɗan wasan hoki a Regina, inda nake kai takalmin ɗana wasa kaifi

'Yan uwa da suka zo Regina, a ƙasar Kanada, da iyali suna yawan tambayata inda za su sayi kayan hoki na ƙanƙara idan yaro ya matsa. Kuma sai ya matsa, domin a nan Saskatchewan daga Oktoba zuwa Maris ba abin da yaran aji ke hira a kai sai wasan. Amsar da nake ba kowa ɗaya ce: kafin ka taka manyan kantuna, fara biyawa ta ɗan shagon nan da ke arewacin gari, wanda ke maƙale da filin ƙanƙara na unguwa, inda wani dattijo ke wasa kaifin takalma yana kuma sayar da kayan gwanjo. Yara Koci suke ce masa, mu ma iyaye haka muke kiransa.

Dalilina shi ne mutumin kansa. Ya yi shekaru yana cin abinci da hoki, amma bai taɓa zama tauraro ba, kuma bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ba, iyakarsa sansanin gwaji na farkon kaka. Ɗan ci-rani ne na wasan: bana yana wannan gari, baɗi yana wancan, kwantiragin shekara ɗaya, jaka a kafaɗa. Irin waɗannan su ne mafi yawa a sana'ar. NHL ƙungiya 32 ce, kowace ba ta wuce mutum 23 a jerin masu wasanta. Ƙasa da ita akwai AHL, ƙasa da AHL akwai ECHL, inda ake biyan albashi mako-mako, ana cin doguwar hanya a bas daga wannan jiha zuwa waccan. Koci ya fara daga WHL, gasar matasa ta yammacin Kanada, ya yi ta hawa da sauka tsakanin waɗancan gasa biyu na ƙasa, sannan ya tsallaka Turai ya ƙarasa a can. Ya taɓa yi mini bayanin abin da ke kora irinsu zuwa Turai, kuma ba rashin iyawa ba ne. AHL gasa ce ta renon matasa, dokarta ta ce mafi yawan waɗanda za su shiga kowane wasa dole su kasance waɗanda ba su wuce wasa 260 a matsayin ƙwararru ba. Da zarar mutum ya haura wannan adadi, gurabensa sun ragu, ko da yana kan ganiyarsa. Sai ya nemi Jamus ko Birtaniya ko Denmark.

Wanda ya yi irin wannan rayuwa ya san darajar kaya. A ƙananan ƙungiyoyi ba a canza maka sanda don kawai ta ɗan tsage, kuma safar hannu idan tafinta ya huje ɗinke ta ake yi. Wannan tarbiyya ce ta biyo shi shago. Na shiga da niyyar saya wa ɗana sabon takalmi mai tsada, domin na ga irinsa a ƙafar abokansa. Ya sa yaron ya cire takalminsa na makaranta, ya auna ƙafa biyun kowace daban, tsawo da faɗi, ya ɗauko wani na gwanjo daga saman kanta. Ya ce takalmin ƙanƙara yakan gaza na yau da kullum da lamba ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma yatsun ƙafa su riƙa ɗan taɓa gaba idan yaro ya miƙe tsaye, su janye idan ya durƙusa gwiwa. Ya zura yatsa ɗaya a bayan dunduniya don ya nuna mini iyakar sararin da ya kamata a bari wa ƙafar da ke girma. Da na ce a ƙara lamba biyu don ya daɗe yana sawa, sai ya girgiza kai ya ce: "Idan ka yi haka idon sawunsa zai riƙa karkacewa, zai yi ta faɗuwa, kafin Disamba ya tsani wasan." Na biya dala 60 na Kanada. A manyan kantuna takalman da ke saman layi sun haura dala 1,000, sanda ɗaya ta ƙwararru kuma ta wuce dala 300, alhali yaro ɗan shekara tara ba abin da zai yi da su.

Babban aikin shagon shi ne wasa kaifi, kuma a nan ne ya fi kowa a garin nan a ganina. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin ba kamar wuƙa yake ba. Tsakiyarsa a rarake yake, sai ya zama yana da baki biyu, na ciki da na waje, da su ake cizon ƙanƙara wajen juyawa da tsayawa. Zurfin wannan rami shi ne ake zaɓa. Rabin inci, wato ma'aunin lanƙwasar ramin ba ainihin zurfinsa ba, shi ne abin da yawancin wurare za su yi maka ba tare da sun tambaye ka ba. Wanda ya fi shi zurfi yana ƙara riƙo amma yana cin gudu da ƙarfin ƙafa, wanda bai kai shi zurfi ba yana barin mutum ya sulala da sauƙi. Koci ba ya kunna inji sai ya san nauyin yaro, da inda yake tsayawa a fili, da wurin da zai yi wasa. Ƙanƙarar filayen waje da ake malalawa a unguwanni, lokacin da sanyi ya kai 30 ƙasa da sifiri, tauri gare ta sosai, tana kuma cike da tsakuwa da ke dakusa ƙarfe nan da nan. Ta cikin ɗakin wasa mai ɗumi kuwa ta fi laushi. Ya ce wannan a Turai ya ƙara koyonsa, inda filin ke da faɗin mita 30 maimakon kusan 26 na nan, mutum yana yawan gudu, ga kuma kowane gari da irin ƙanƙararsa, wani lokaci ma ba mai gyara maka kaya sai kai da kanka. Idan ya gama yakan ɗora wani ɗan ma'auni a kan ƙarfen don ya tabbatar baki biyun sun daidaita, ya nuna maka da idonka. Dala 10 yake karɓa. Yana da littafi da yake rubuta ma'aunin kowane yaro, don haka ba sai ka riƙa tunawa ba.

Akwai abu biyu da ba ya sayarwa na gwanjo ko ka roƙe shi: hular kwano da kariyar wuya. Hular dole ta kasance da tambarin CSA, mai tabbatar da ingancin kaya, kafin a bar yaro ya shiga wasa a ƙarƙashin Hockey Canada, hukumar hoki ta ƙasar, kuma ya ce tsohuwar hula tana iya tsagewa daga ciki ba ka gani ba. Maganar kariyar wuya kuwa, a nan ne na ga fuskarsa ta canza. Ya kawo mini labarin Adam Johnson, ɗan Amurka da ya buga wasa 13 wa Pittsburgh Penguins, sannan ya bi hanyar da irinsu ke bi, AHL, Suwidin, Jamus, har ya isa Nottingham Panthers a Ingila. Ranar 28 ga Oktoba 2023, a wani wasa a Sheffield, ƙarfen takalmi ya yanke shi a wuya, ya rasu yana da shekara 29. Bayan wannan ne WHL da hukumar hoki ta duniya suka wajabta kariyar wuya, AHL ma ta bi baya. Yara a Kanada dama tilas ne a kansu tun da, amma Koci ya ce rabinsu suna sa ta a sake tana lilo. Ya durƙusa ya ɗaura wa ɗana da hannunsa, ya sa ni na maimaita a gabansa. Ban ji haushin wannan ba ko kaɗan. Uba ne ni, kuma abin da nake so a yi mini ke nan.

Bangon shagon cike yake da hotunan ƙungiyoyi, kuma ba na shahararru ba ne. Guda ɗaya da kowa a Regina zai gane shi ne na Mike Sillinger, ɗan garin nan, wanda ya taso a Regina Pats, ƙungiyar matasa ta garin, Detroit ta zaɓe shi na 11 a 1989 a zaɓen matasa da ƙungiyoyin NHL ke yi duk shekara. Ya buga wa ƙungiyoyi 12 a NHL, an yi musayarsa sau tara, ya yi wasa 1,049 kafin ya ajiye a 2009. Mutane suna ambaton yawan ƙaurarsa kamar wani abin tausayi, Koci kuwa ya ce su sake tunani: ƙungiya ba ta ba da ɗan wasanta ko gurbin zaɓenta don ta karɓi wanda ba ta buƙata, don haka sau tara ana neman mutumin ne. Yau ɗan Sillinger, Cole, yana NHL, Columbus ta ɗauke shi na 12 a 2021.

Da hira ta yi hira ya tambaye ni garinmu, na ce Zariya, a arewacin Najeriya. Sai ya ajiye takalmin da ke hannunsa ya tambaye ni ko na san Rumun Ndur. A bakinsa na fara jin sunan, na kuma je na duba daga baya. An haifi Ndur a Zariya a 1975, ya tashi a Ontario, Buffalo Sabres ta zaɓe shi a zagaye na uku a 1994, kuma shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga a NHL. Ɗan baya ne mai ƙarfin jiki. Wasa 69 ya yi a babbar gasar, tsakanin Buffalo da New York Rangers da Atlanta Thrashers, sauran shekarunsa kuma a ƙananan ƙungiyoyi irin su Rochester Americans da Danbury Trashers, har zuwa Coventry Blaze a Ingila. Bayansa akwai Akim Aliu, haifaffen Okene a 1989, wanda ya yi wasa bakwai wa Calgary Flames sannan ya zagaya Suwidin da Rasha da Silobakiya, kuma shi ne a 2019 ya fito ya faɗi zagin wariyar launin fata da wani kocinsa ya yi masa a AHL. Kowa a nan ya san Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, domin shi tauraro ne. Amma sunan Ndur sai a wajen irin su Koci, waɗanda suka riƙe sunayen junansu. Ɗana ya daɗe yana jin kamar shi kaɗai ne irinsa a ɗakin canza kaya. Sanin cewa wani da aka haifa a garin kakanninsa ya taka ƙanƙarar NHL ya yi masa amfanin da ban iya saya masa ba.

Shagon yana da nasa aibin. Ƙarami ne ƙwarai, mutum huɗu suka shiga ya cika, kuma warin gumin tsofaffin kaya zai tare ka tun daga ƙofa, mai ɗakina ma a mota take jira. Lokacin buɗewa ba shi da tabbas, domin idan yana horar da yara a fili sai ya rufe ya liƙa takarda. Ba ya sayarwa ta intanet, waya ma ba kullum yake ɗauka ba. Kayan masu tsaron raga kaɗan ne, kuma wanda ke neman rigunan kariya da aka ɗinka don 'yan mata zai fi samu a manyan kantuna. Asabar ɗin Satumba, lokacin da ake tantance yara, layi har waje.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne bakinsa. Ba ya ɓoye wa iyaye gaskiya game da inda wannan hanya ke kaiwa. Zai gaya maka cewa a shekara matasa kusan 224 kawai ake zaɓa daga duk duniya, a zagaye bakwai, kuma akasarinsu ba za su zauna a NHL ba. Zai nuna maka gwiwarsa da haƙoransa na roba, ya ba ka labarin yadda ake kiran mutum ofis da safe a ce ya haɗa kayansa, matarsa ta biyo shi daga baya da yara da tukwane. Wannan magana tana da kyau a kunnen uban da ke shirin cin bashi don makarantar hoki ta bazara, kuma na ga ya hana wani yin haka. Amma yakan faɗe ta a gaban yara, kuma na ga idon wani yaro ya cika da ƙwalla. Ɗan shekara takwas da ke ganin kansa a matsayin Connor Bedard, wanda ya tashi daga Pats ɗin nan Chicago ta ɗauke shi na ɗaya a 2023, ba ya buƙatar a lissafa masa wannan tukuna. Na gaya masa haka a fili. Ya saurare ni, ya ce shi ba wanda ya gaya wa mahaifinsa, shi ya sa. Na fahimce shi, amma har yanzu ina ganin a ja uba gefe ya fi.

Duk da haka ban taɓa jin ya yi nadamar shekarunsa ba. Ya ce ya ga ƙasashen da ɗan ƙauyensu ba ya mafarkin gani, an biya shi don ya yi abin da yake so, kuma ya fita da sana'ar hannu da yake ci da ita har yau.

Ga mai niyyar zuwa: ka tafi da yaron, kada ka je da lambar takalminsa kawai, ka kuma tafi da siririyar safar da zai riƙa sawa a wasa. Ka kai tsofaffin kayan da suka yi masa kaɗan, yana karɓa ya rage maka kuɗi. Sanda ka bari shi ya yanke, domin tsawonta ya kamata ya tsaya wajen haɓa idan yaro yana kan takalmin ƙanƙara, kuma yanke ta yana ƙara mata tauri. Idan kuɗin rajistar ƙungiya ya yi maka nauyi, tambaye shi takardun KidSport da Jumpstart, masu tallafa wa iyalai da kuɗin wasannin yara, yana ajiye su a aljihun tebur, yana kuma taya sababbin zuwa cikewa. Ranar aiki da hantsi ta fi, kafin a tashi daga makaranta.