Daɓen kankare a tsakar gida da ƙofar shago: abin da na gani bayan damina biyu

A watan Agustan 2023 mahaifiyata ta fito alwalar asuba bayan an kwana ana ruwa, santsi ya kwashe ta tsakanin ɗakinta da bayan gida. Allah ya taƙaita, ba ta karye ba, targaɗe ne a wuyan hannu, amma sai da ta yi sati uku ba ta iya ɗaga buta. Gidanmu yana wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Ringim, kuma unguwarmu ta gangaro wajen fadama, ƙasar baƙa ce mai danƙo. Da damina tsakar gida takan koma taɓo, sai mu jera fasassun bulo muna tsallake a kai. Yaro zai iya, tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya ba. Tun ranar na ƙudurta cewa da zarar an yi kaka zan sa a yi hanyar kankare daga zaure zuwa ɗakuna da bayan gida, a kuma daɓe ƙofar shagona da nake sayar da taki da iri da maganin feshi.

An yi aikin a watan Nuwamban 2023. Yanzu ya ga damina biyu da bazara biyu, shi ya sa nake ganin na isa in faɗi abin da na sani a kansa, mai daɗi da marar daɗi.

Maginin da na ɗauko dattijo ne daga garin da ke gaba da mu, ya zo da leburori huɗu. Ranar farko ko buhu ɗaya bai buɗe ba. Ya sa aka kwashe baƙar ƙasar sama kusan taƙi guda, aka zubo jan burji amalanke bayan amalanke, a yayyafa ruwa a yi ta dukansa da gungumen itace har sai ya daina lotsawa in an taka. Ni kuwa ina lissafin kuɗin yini, raina ya ɗan sosu, na ce masa, "Baba, yau dai ba mu ga siminti ba." Ya ɗago ya ce, "Malam, in ba a cire wannan baƙar ƙasar ba, ko buhu ɗari ka zuba sai ya dare. Ita da damina kumbura take, da rani ta tsuke." Gaskiyarsa ce. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙasar fadama take tsattsagewa a watan Maris ya san abin da za ta yi wa duk abin da aka ɗora mata.

Hanyar cikin gida tsawonta ƙafa 45, faɗinta ƙafa 4, kaurin kankaren inci 4. Ta ƙofar shago ƙafa 20 ce da ƙafa 6. Gaba ɗaya buhu 18 na siminti mai kilo 50 muka ci. Na yi sa'ar lokaci, domin watanni uku bayan nan, a Fabrairun 2024, buhu ya haura naira dubu goma a wurare da dama, da yawa daga cikin masu gini suka dakata.

Awon kwaɓin shi ne inda na fi zuba ido, kuma ina ba duk mai niyya shawara ya tsaya da ƙafarsa a wurin. Buhu ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Wannan shi ne abin da masu gini suke kira ɗaya, biyu, huɗu, tunda buhun siminti kusan kwano biyu ne. Yashin na kogi ne mai kaushi, in ka damƙa a hannu ka saki ba ya barin laka a tafinka. Tsakuwar kuwa ta inji ce, fasasshen dutse mai kusurwa, ta fi tsintacciyar tsakuwa tsada amma ta fi kama jiki. Da leburorin suka so ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙin shiga, sai ya hana. Ya ce kwaɓin da ya yi ruwa-ruwa kamar kunu daɗin zubawa gare shi, amma in ya sha iska sai samansa ya riƙa zubar da gari.

Abubuwa uku ya yi a hanyar cikin gida waɗanda sai daga baya na gane darajarsu. Ya ɗan karkatar da ita wajen rariya, karkatar da ido ba ya gani sai an zuba ruwa. Ya kuma yanka layi da bakin cokalin gini duk bayan ƙafa 4 ko 5, tun kankaren yana ɗanye. Bayaninsa shi ne kankare dole ya ɗan tsuke in yana ƙarfi, kuma in zai tsage gara a nuna masa inda zai tsage. Yau in ka durƙusa ka leƙa cikin layukan za ka ga siririyar tsaga kamar zare a cikin uku daga cikinsu, amma saman fes yake. Na ukun shi ne wanda ya fi shafar Inna: bai goge saman ya yi sumul ba. Tsintsiyar kwakwa ya ɗauko ya ja a kai, daga gefe zuwa gefe, ta bar ƙananan zane masu kama ƙafa. Matata da farko ba ta so ba, ta fi son mai sheƙi irin na cikin ɗaki. Ruwan farko da aka yi ta canza magana.

Inna ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne tana kallon aikin har aka gama. Ta ba jikokinta labarin yadda suke daɓe a zamaninsu: a yi gayyar mata, a shimfiɗa tsakuwa da jar ƙasa, a jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a yayyafa, kowace da madaɓinta, ana duka ana waƙa har ƙasa ta yi baƙi ta yi ƙyalli. Ta ce daɓen ɗakin aurenta ya yi shekaru bai fashe ba, amma na tsakar gida ruwan indararo yakan cinye shi kowace damina. Maginin ya ce mata, "Hajiya, aikin ɗaya ne, mu ma duka muka fara da shi."

Sai ban ruwa. Mutane da yawa suna zaton siminti bushewa yake yi, alhali da ruwan yake haɗuwa ya yi ƙarfi, in ruwan ya ƙare da wuri ƙarfin ya tsaya a nan. Ga shi mun yi aikin a farkon hunturu, iska busasshiya tana zuƙe danshi nan da nan. Maginin ya ce a rufe da buhunan algarara a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7, kuma kada a ɗora masa nauyi sosai sai ya kwana 28. A cikin gida mun cika wannan. Yara suna zuwa tuƙa-tuƙa da jarka, matata tana bin buhunan da bokiti, ko kaza ba a bari ta hau.

A ƙofar shago ne aka samu matsala, kuma laifin rabi nasa rabi nawa. Nasa shi ne ya bar zubin zuwa ranar ƙarshe da azahar, yana gaggawar tafiya wani aiki, leburori sun gaji suka saki ruwa a kwaɓin bai tsawatar ba. Layi ɗaya tak ya yanka a tsawon ƙafa 20, kuma bai ce mini wurin da mota za ta iya hawa yana bukatar kauri da waya a ciki ba, alhali ya ga irin kayan da nake saukewa. Nawa kuwa, rana ta uku ta kama ranar kasuwarmu, na kwashe buhunan na buɗe shago, mutane da babura suka yi ta hawa, ban ruwan ya tsaya. Kafin sati biyu saman ya yi ƙananan tsaga kamar saƙar gizo. Da damina ta kusa, motar da ta kawo taki ta ja da baya ta hau kusurwar gabas, ta ɓalle wani yanki kamar faifai. Yanzu in ana shara a wurin gari ne yake tashi, tsakuwa ta fara leƙowa. Siminti ɗaya, magini ɗaya, mako ɗaya, amma in ka ga biyun ba za ka ce tare aka yi su ba. Na kira shi ya zo ya gani, bai yi musu ba, ya ce zai sake zuba kusurwar ba tare da kuɗin hannu ba in na sayi kaya.

Akwai kuma abin da kankare yake zuwa da shi ko da an yi shi daidai. Da bazara, daga azahar zuwa la'asar ba a taka shi ba takalmi, kuma da dare yana mayar da zafin da ya sha, don haka masu shimfiɗa tabarma a waje sun koma gefen da muka bari ƙasa. Na gode Allah da ban daɓe tsakar gidan duka ba kamar yadda wasu suka ba ni shawara. Ruwan da ƙasa take shanyewa a da yanzu gudu yake, sai da na faɗaɗa rariya na ja kwata zuwa bakin hanya don kada ya kwanta a gindin katangar maƙwabcina, wadda ta ƙasa ce. Wurin wanke-wanke yana yin gansakuka a watan Agusta, sai an goge da burushi. Turmi kuma mun hana a ɗora a kai. Akwai darbejiya kusa da zaure da nake sa wa ido, saboda saiwarta tana iya ɗaga shi nan gaba.

Wani abokina a Dutse ya tambaye ni me ya sa ban sa intalok ba, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa suna sarƙe da juna. Intalok yana da kyau, in wani wuri ya lotsa a ɗaga a gyara a mayar. Amma a ƙasa irin tamu, ga tururuwa ga ciyawa ga ruwa mai kwashe yashin ƙarƙashi, kuma ga sandar tsohuwa da take iya maƙalewa a tsakani, na fi natsuwa da zubi.

Zan sake kiran wannan maginin, amma da sharaɗi: zubi da sassafe, ina tsaye a kan kwaɓi, kuma shago a rufe sati guda ko da kasuwa biyu za ta ci. In an yi kakar bana za mu fasa rabin ƙofar shagon mu sake, inci 6 da waya a ciki, da layi duk bayan ƙafa 5. Hanyar cikin gida ba abin da za a taɓa mata. Inna tana bin ta kullum da asuba, buta a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, ko an kwana ana ruwa.