Jama'a a yi hattara da mai sayar da "sarautar Sikotland" da jinin sarakunan Ayilan

Salam 'yan uwa, dan Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, musamman ga masu neman fita waje. Akwai wani da yake yawo da talla a WhatsApp da Facebook, fosta koriya da hoton tsohuwar ganuwar dutse da garayar nan ta Ayilan, wai zai saya maka fili taku ɗaya a Sikotland ka zama "Lord", sannan in ka ƙara kuɗi a yi maka gwajin DNA a haɗa ka da zuriyar sarki Niall ko Brian Boru, tsofaffin sarakunan Ayilan, wai har biza tana sauƙi. Na ga satifiket ɗin da ya tura wa wani maƙwabcinmu, PDF ne kawai, da jan hatimi wanda firinta ce ta buga shi, sunan mutum da ruwan zinare, a ƙasa kuma an sa a tura ragowar kuɗi ta wani akawun mai sunan mace. Bawan Allah har ya fara tunanin a canza masa suna a fasfo.

Maganar filin dai a taƙaice take. Dokar rajistar ƙasa ta Sikotland ta 2012 ta hana yi wa irin waɗannan guntayen filaye na tsaraba rajista, wato a takardun gwamnati filin yana nan da sunan mai shi na asali, kai takarda kawai ka saya. Kotun Lord Lyon, wadda ita ke kula da tambarin gidaje a can, ita ma ba ta ɗaukar wannan a matsayin hujjar komai. A ƙarshen 2022 an yi ta cece-kuce a YouTube kan wani kamfani mai irin wannan ciniki har masu yi masa talla da yawa suka janye, to shi namu ɗin ma ba na jin yana da alaƙa da kowane kamfani, kwafar zanensu ya yi.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne maganar jini, saboda a nan ya yi dabara. Yana ce wa mutane in sakamakonka ya nuna R1b, wata alama a DNA da namiji ke gada daga ubansa, to kai jikan Niall ne, kuma gaskiya ne ana samun R1b sosai a tsakanin masu harsunan Cadi, a arewacin Kamaru da Cadi har da wasu Hausawa, don haka mutum zai iya gwadawa ya ga ya fito masa ya ce ai mutumin nan bai yi ƙarya ba. To namu reshen V88 ne, na mutanen arewa maso yammacin Ayilan kuma M222, kuma sun rabu da juna dubban shekaru kafin a haifi Niall, wanda ake cewa ya yi zamani wajen ƙarni na 5. Binciken da ya jawo duk wannan surutu na Trinity College Dublin ne a 2006, sun ga kusan namiji ɗaya cikin biyar a wancan yankin yana ɗauke da alama iri ɗaya, kuma tana yawa a masu sunayen gidajen da ke danganta kansu da Uí Néill, wato zuriyar Niall, shi ne suka yi hasashen ko daga shi ne. Ba a taɓa tono ƙashin Niall an gwada ba, masana tarihi ma suna jayayya kan nawa ne gaskiya a labarinsa nawa ne tatsuniya. In ma mutum ɗan asalin Donegal ne, a can arewa maso yammacin Ayilan ɗin, gwajin ba zai ba shi sarauta ba balle kai da kakanka yake Gaya ko Maraɗi.

Su kansu sarakunan Gael ɗin, wato na Ayilan ta dā, ba sarki ɗaya ba ne a fada ɗaya, ƙananan masarautu ne fiye da ɗari suna ta yaƙi da juna, kuma gado ba lallai babban ɗa ba, ana zaɓa ne cikin mazan da suka haɗa kakan uba ɗaya. Masu rubuta musu asali kamar maroƙan fada suke, duk gidan da ya yi ƙarfi sai a gyara masa silsila ta yi kyau, har suna kai ta ga Annabi Nuhu da Annabi Adamu. An kashe Brian Boru a yaƙin Clontarf a 1014, Ruaidrí Ua Conchobair da ake ƙirgawa babban sarki na ƙarshe ya rasu a 1198, sannan a 1607 Hugh O'Neill da Rory O'Donnell, shugabannin manyan gidajen sarauta na arewacin Ayilan, suka bar ƙasar a jirgin ruwa, daga nan tsarin ya watse. Yau tsarin mulkin Ayilan na 1937 ya ce ƙasa ba ta ba da sarauta. Ga kuma gobarar 1922 a Dublin da ta cinye ɗimbin tsofaffin takardun ƙidaya, shi ya sa 'yan ƙasar da yawa ma ba sa iya bin asalinsu can baya da takarda, amma wai shi daga wayarsa zai haɗo maka shekara 1,500 cikin sati biyu.

Kuma kar a ce mu kaɗai ake yi wa, Turawa ma sun sha. Wani Terence MacCarthy ɗan Belfast ya samu ofishin kula da asali da tambari na Ayilan ya amince da shi a 1992 a matsayin shugaban gidan MacCarthy, yana kiran kansa yariman Desmond, wata tsohuwar masarauta a kudancin Ayilan, yana zaune a Tanja ta Maroko yana sayar wa mutane sarautu, Amurkawa da dama suka saya. Wani mai binciken asali Sean Murphy ne ya bi takardun ya gano na bogi ne, a 1999 aka janye amincewar, a 2003 kuma ofishin ya daina amincewa da shugabannin gidaje gaba ɗaya. Wannan fa mai hatimin gwamnati ne na gaske a hannunsa.

Batun biza kuwa babu wani fom na Birtaniya ko Ayilan da yake da gurbin wannan abu. Zama ɗan ƙasar Ayilan ta hanyar jini sai in mahaifi ko mahaifiya ko ɗaya cikin kakanninka an haife shi a tsibirin, ko kuma ɗaya cikin iyayenka ya riga ya zama ɗan ƙasar kafin a haife ka, da takardun haihuwa na gaske. In ka cusa satifiket na bogi cikin takardunka ma kanka ka jawo wa, za su iya ɗaukarsa yaudara su hana ka shekaru.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya ajiye rasit da hoton hirarsu da saƙonnin muryar, ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi, ya kai wa EFCC in da hali. Kar kuma a biya abin da yake kira kuɗin kwastam na akwatin gwaji, shi ne mataki na biyu, daga shi sai ya toshe lambarka ya buɗe sabon shafi da wani suna, fostar dai ita ce koriyar nan ba ya canza ta.