Gwajin Bakin Mahaifa a Asibitin Unguwarmu: Ɗakin Sista Ya Yi, Tagar Kati Sai Addu'a

Idan tsoron ƙarfen nan da ake buɗe gaba da shi ne ya hana ki zuwa gwajin sankarar bakin mahaifa, ki sauke shi. Ni da abokiyar zamana mun je wani ƙaramin asibitin mata mai zaman kansa a nan Kano, kuma zan ba kowace mace shawarar zuwa, amma da sharaɗin ta toshe kunnenta kafin ta wuce tagar yankan kati.

Saurayin da ke tagar ba shi da sirri ko na sisin kwabo. Benci cike da magidanta da suka rako matansu awon ciki, shi kuwa ya ɗaga murya: "Su wa suka zo gwajin cutar kansa?" Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta gyara hijabinta ta fice, har muka bar wurin ba ta dawo ba. Mace ta yi shekara tana tara ƙarfin hali, mutum ɗaya ya rusa shi da jimla guda.

Ciki kuwa wata duniya ce. Sistar da ta karɓe mu dattijuwa ce, ba ta da gaggawa. Kafin in hau gado sai da ta ɗauko ƙarfen ta miƙo min in riƙe, ta nuna yadda yake buɗewa da yadda take kulle shi. Ta sa shi a ruwan ɗumi tukuna, ta lulluɓe ni da zane daga cibiya zuwa gwiwa, ta ce, "Hajiya, saki jikinki, ki riƙa numfashi ta baki. In kin ji zafi ki faɗa, sai in tsaya." Ban ji zafi ba, sai ɗan matsi kawai. Sannan ta jiƙa auduga da ruwan binega mai sauƙin ƙarfi, ta shafa a bakin mahaifar, ta dubi agogo har minti ɗaya ya cika, ta haska fitila. Wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari fat idan ruwan ya taɓa shi. Lafiyayye kuma yana nan da launinsa. Nawa bai canza ba. Ta ce in dawo bayan shekara 3.

Na abokiyar zamana ne ya nuna ɗan farin tabo. Nan na ga ƙwarewar Sistar nan, domin kuka aka fara, har da zargin maigida. Sista ta ja kujera ta zauna. Ta ce tabon ba sankara ba ne, share fagenta ne, kuma a jikin mace mai lafiya yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe. Ƙwayar HPV da ke haddasa shi ta hanyar saduwa ake ɗauka, gaskiya ne, amma kusan duk wanda ya taɓa aure yakan gamu da ita, yawanci jiki ya kore ta da kansa cikin shekara 2 ba tare da an sani ba. Tana iya kwanciya shiru tun daga auren fari. "Yaya, wannan ba shaidar komai ba ce a kan kowa," in ji ta. Da ba ta faɗi haka ba, Allah kaɗai ya san irin tuwon da za a ci a gidanmu a daren.

A ranar aka yi mata magani. Wata 'yar na'ura ce mai kan ƙarfe da ke yin zafi, a ɗora a kan tabon ƙasa da minti ɗaya, ba allurar barci, ba ɗinki. Ta ce ta ji murɗa irin ta haila. An gaya mata za ta ga ruwa na fita na wasu makonni, ta ƙaurace wa shimfiɗa na wata guda, kada ta cusa komai, ta koma bayan shekara. Wannan "kada ki cusa komai" sai da Sista ta maimaita, don ta san halinmu da kayan mata da magungunan sanyi na 'yan talla. Da yawanmu in mun ga ruwa mai wari, ko jini bayan saduwa, ko jini bayan haila ta ɗauke gaba ɗaya, sai mu ce sanyi ne, mu yi ta jiƙe-jiƙe. A ƙiyasin 2020, mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan cuta a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu, kuma zuwa asibiti a makare na cikin manyan dalilai.

Sista ta tambaye mu ko muna da 'yan mata. A Oktoban 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, allura ɗaya tak, wadda ke kare su daga nau'in ƙwayar na 16 da na 18, masu jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar. Asibitin ba ya ajiye allurar, amma ta tura mu asibitin sha-ka-tafi na gwamnati. Na kai tawa, duk da surutan da ake yi a WhatsApp cewa tana hana haihuwa.

Inda suka gaza bayan tagar: ba sa yin gwajin da ke gano ƙwayar kanta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so mace ta fara daga shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da HIV. Sai dai su ɗebi samfur su aika waje, kuɗin ya ninka, sakamako ya yi ta jan ƙafa. Ranar komawa kuma a wata guntuwar takarda aka rubuta, ba mai kiranki, ba saƙon waya. Kuɗin gwajin binegar dai bai kai na atamfa ɗaya ba.

Ki je da safe kafin layin awon ciki ya yi tsawo, kuma ba lokacin haila ba. Idan kin haura 50 ko haila ta ɗauke miki, ki gaya wa Sista tun farko, domin a wannan shekarun wurin da ake dubawa yakan shige ciki, binega ba ta cika nuna shi ba, sai an yi miki wani gwajin daban.