Gasar Hikayata ko Wattpad: ina sabuwar marubuciya za ta kai labarinta?

Ƙannena mata sun sha tambayata: labarin farko, a tura shi gasar Hikayata ta BBC Hausa ko a sake shi a Wattpad, dandalin intanet da kowa ke iya wallafa labarinsa?

Dukansu kyauta ne, sai kuɗin data.

Hikayata, wadda aka fara a 2016 domin mata, tana da tsauri. Sau ɗaya ce a shekara, kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma ba a karɓar labarin da ya taɓa fita. Wannan matsin na fi ƙauna, domin shi ke koya wa mutum yanke surutu. Na ga wadda ta kwana tana goge sakin layin da ta fi so don ta cika ƙa'ida. Idan an dace, ga kyautar kuɗi, ga labarinki a rediyo. Idan ba a dace ba, shiru kawai.

Wattpad kuwa ba alƙali. Ki saki babi yau, gobe masu karatu na neman ci gaba. Sai dai ba mai gyara miki rubutu, kuma ana iya kwashe labarin a watsa a WhatsApp ba sunanki. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Mai gajeren labari da haƙurin jira, Hikayata ta fi dacewa da ita. Mai dogon labari da ke son jin bakin masu karatu tun yanzu, ta nufi Wattpad.